Rowar Malam Siriri

Duk wanda ya ji sunan Malam Siriri kafin ya gan shi, ranar da ya gan shi sai ya yi dariya. Ƙaton mutum ne, in ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinmu har haske raguwa yake yi. Kujerarsa sau biyu ana kai ta wurin mai walda. Hannunsa ne ya jawo masa sunan. Shi ke yanka naman gwaji a asibitinmu, ni kuma nake rina abin da ya yanka, kuma shekara goma sha tara ke nan teburina yana jingine da nasa. Saboda haka labarinsa ba ji na yi a bakin wani ba. Rabin faɗan da aka taɓa yi da shi a ɗakin nan ma da ni aka yi.

Bari in fara da aikin, don mutane da yawa ba su san akwai shi ba. Yayata uwa ɗaya uba ɗaya har gobe ta ɗauka jini nake ɗiba. Ɗakinmu yana can ƙarshen baranda, bayan wurin wanki, ƙasan ɗakin tiyata. In likita ya ciro wani abu daga jikin mutum, ƙari ko wani naman da ba a yarda da shi ba, sai a saka a kwalba a aiko mana. Mu tsane shi da magunguna, mu binne shi a cikin kakin kyandir, ya daskare ya zama ɗan dunƙule kamar gutsuren sabulu. Dunƙulen nan ake ɗaurawa a injin yanka. Injin yana da reza a kwance da wani hannu da ake juyawa, juyi ɗaya falle ɗaya, shara-shara, fatar albasa ma ta fi shi kauri nesa ba kusa ba. In ka yi numfashi da ƙarfi sai ya tashi ya bi iska. A ɗora fallen a kan ruwan ɗumi ya miƙe, a kwaso shi da ɗan gilashi, a busar a tanda, a miƙo mini in rina, sannan a kai wa likitar ɗakinmu ta duba a madubin da ke ƙara girman abu ta faɗi sunan ciwon.

Malam Siriri yakan iso ƙarfe bakwai saura. Ya rataye hularsa a ƙusar da ke bayan ƙofa, ya jera dunƙulen ranar a kan ƙanƙara, ya wanke hannu da ruwan sanyi. Ba ya shan shayi sai ya gama yankan safe, wai yana sa hannu rawa. Daga nan sai ya yi abin da ke haɗa mu kullum, ya kashe fanka. Ni kuwa Allah ya yi ni da jin zafi. In ce, “Malam, gasa mu za ka yi?” Ya ce, “Ƙanwata, ke in kin yi gumi za ki share. Wannan in ya tashi a ina za mu kamo shi?” In yi tsaki in ɗauki kwali ina fifita, ya ce in juya fifitar wancan gefen. Haka muke, kuma ban taɓa cin nasara ba ko sau ɗaya.

Abin da aka fi saninsa da shi rowa ce, amma rowar nama kawai. Sauran masu yanka in sun ɗaura dunƙule sai su yi ta ferewa suna zubarwa har fuskar naman ta fito sosai, sannan su ɗauki mai kyau. Haka aka koya wa kowa, kuma in naman da yawa ba laifi. Shi kuwa ko fallen farko, wanda rabinsa kaki ne, ba ya zubarwa in dai ya hango ɗigon nama a jiki. Ya kwashe shi a gilashi, ya rubuta lamba, ya jefa a aljihun teburinsa. Yana kuma da wata doka da yake kira zama ɗaya. Ya ce duk lokacin da aka sauke dunƙule aka sake ɗaura shi, ba zai koma daidai inda yake ba, sai an sake fere fuska, kuma abin da aka fere ya tafi ke nan. Don haka in nama ƙarami ne, a faɗa masa duk abin da ake so tun farko ya yanka a zama ɗaya. Likitoci nawa suka yi fushi da shi a kan wannan, ban iya ƙirgawa ba.

Halin nan har gida ya bi shi. Ranar da na fara zuwa gaishe da matarsa, wadda nake kira Yaya, ta kawo mini burodi tana ba ni haƙuri. Ta ɗaga yanka ɗaya ta ce, “Duba nan, wallahi ina hango ki ta cikinsa. Shi ya yanka.” Sabulu in an sayo sai ya raba shi huɗu da zare. Albasa kuwa ta ce ta daina ba shi, don in ya yanka ta narkewa take a tukunya kamar ba a sa ba. Amma gidan nan kullum cike yake. 'Ya'yansa mata uku, ga surukarsa da ya ɗauko tun da ƙafarta ta mutu, ga maƙwabta da ke shigowa ɗiban ruwa a famfonsa ba sallama ba godiya. Yaya ta ce, “Mutumin da zai cire rigarsa ya ba ka, amma ba zai ba ka burodi mai kauri ba. Ni dai na bar wa Allah.” Yana zaune a tabarma yana gyara wa autarsa maɗaurin jaka, yana murmushi kamar yabonsa ake yi.

Sau biyu ana so a mai da shi shugaban sashe, a ba shi ofis da tebur mai gilashi. Ya ce a bar shi inda yake. Na ce masa, “Kai dai ba ka son ci gaba.” Ya ce, “In na tafi wa zai kashe miki fanka?”

Sai da muka shekara goma tare sannan ya gaya mini asalin rowar. Ashe da wanke kwalabe ya fara a ɗakin nan, wani tsohon ma'aikaci ya ga nutsuwarsa ya koya masa injin. A shekararsa ta farko aka kawo ɗan nama daga maƙogwaron wata mata. Ya yi ta ferewa yana neman fuska mai kyau, yana so a yaba masa, ko da ya farga babu komai a kakin. Sai da aka sake kwantar da matar aka sake shiga maƙogwaronta. Ya ce babu wanda ya zage shi, tsohon nan cewa kawai ya yi ya je ya tura gadonta zuwa ɗakin tiyata da kansa. Ya tura. A hanya matar tana ta yi masa sannu da aiki. Bai ƙara komai a kan labarin ba, ni ma ban tambaya ba.

To, wata Talata aka sauko mana da kwalba daga sama. Na ɗaga ta a haske na ce, “Sun aiko mana da ruwa zalla.” Sai da na karkata ta na ga wani ɗan abu fari-fari a gindi, bai kai ƙwayar riɗi ba. Malam Siriri ya karɓi takardar, don shi ba ya taɓa nama sai ya karanta takardarsa tun daga sama har ƙasa. Namiji, shekara saba'in da huɗu. Ƙari a can tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda wuƙa ba ta isa. Da allura aka zura aka tsinko wannan ɗin. A ƙasa likitan tiyata ya rubuta ya ja layi biyu: ba za a iya komawa ba.

Likitar ɗakinmu a lokacin shekararta biyu da zuwa. Yarinya ce a kanmu, 'yar ƙarama, ga kaifin kai ga saurin magana, kuma tana da wani hali da nake so, ba ta ƙyashin koyar da mu. Ita ta fahimtar da ni cewa a ciwon dajin ƙwaƙwalwa gani da ido ya daina wadatarwa. Ƙari biyu sai su zo da fuska iri ɗaya a madubi, ɗaya ya yi shekaru yana rarrafe, ɗaya ya cinye mutum cikin watanni. Ta ce kowace ƙwayar jikin mutum tana ɗauke da rubutun da ta gada, shi ke gaya mata abin da za ta yi. Wani lokaci harafi ne ke canzawa a rubutun, ƙwayar ta haukace ta yi ta hayayyafa. Wani lokaci kuma rubutun yana nan lafiya lau, sai dai an manne wani shafi, ƙwayar ba ta iya karanta shi. Iri biyun nan duka ake nema yanzu, kuma a cikin naman ake nemansu.

A kan tsohon nan, shafi ɗaya ne ya dame ta. Akwai maganin haɗiya da ake ba masu irin wannan ƙari, aikinsa ya lalata rubutun ƙwayoyin ƙarin har su mutu. Amma a cikin rubutun akwai shafin da ke koya wa ƙwaya gyara irin wannan ɓarnar. In shafin a buɗe yake, magani na ɓatawa ƙarin na gyarawa, galibi wahala kawai mutum zai sha. In kuwa a manne yake, maganin yakan kama. Saurayi mai ƙarfi akan haɗa masa maganin da gashi, wato ƙona ƙarin da hasken inji, gaba ɗaya. Tsoho irin wannan, da jiki ya riga ya yi laushi, likitocinsa sun ce ba zai ɗauki biyun ba, ɗaya za a zaɓa: ko ya sha magani a gidansa, ko a yi ta kawo shi injin kullum har makonni. Gwajin da zai raba gardama ba a yin sa a wurinmu, sai an aika babban ɗakin gwaji a wani gari, kuma su falle takwas masu ɗan kauri suke so. In bai kai ba su maido da takarda su ce bai isa ba, shi ke nan sai a yi wa tsoho canki-canki.

Da aka gama binne naman a kaki, Likita ta aiko da takardarta. A yanka biyu tukuna ta gani, daga baya za ta faɗi saura, ga kuma jerin rini goma sha ɗaya da mai yiwuwa za ta nema. Malam Siriri ya karanta, ya ɗaga dunƙulen ya duba ta haske, ya mayar kan ƙanƙara. Ya ɗauki takardar ya nufi ofishinta. Ni kuwa na bi bayansa da tiren gilasai a hannu, wai kai mata zan yi, alhali gulma ce ta kai ni.

Ya tsaya a ƙofa ya ce, “Likita, naman nan ba zai kai ba.”

Ta ce, “Biyu kawai na ce, Malam.”

“Biyu yau, uku gobe, takwas jibi. Hawa inji sau uku ke nan. A hawa na biyu zai ƙare.”

“To ta yaya zan san abin da nake so alhali ban ga komai ba?”

Ya ce, “Ni ban san karatunku ba. Abin da na sani, in na lallaɓa zan fitar da sirara huɗu da masu kauri takwas. Bayan su babu. Ki zaɓi huɗun da in babu su ba za ki iya magana ba.”

Na ga fuskarta ta canza. Ba daɗi a ce wanda ya fara da wanke kwalba ya tsaya a ƙofarka yana rage maka lissafi, kuma a gaban mai rini. Ta ce, “Goma sha ɗaya zuwa huɗu? Kana so in faɗi sunan ciwon mutum da ido ɗaya a rufe?” Bai tafi ba. Ya tsaya nan ya cika ƙofar, hannuwansa a baya. Ta jawo hoton kan tsohon ta daɗe tana kallo, ta ɗauki biro ta fara soke layi. Ta soke biyar da sauri. Biyun ƙarshe sai da ta tashi ta zagaya teburinta. Ta miƙa masa takardar ta ce, “In ka ɓata mini, ni da kai ne.” Ya ce, “Na ji, ranki ya daɗe. Gobe da safe.”

Gobe da safe! Nan nawa ran ya ɓaci. Likitan tiyata ya riga ya bugo waya sau biyu, kuma ni ke ɗauka. Da muka koma ɗaki na ce, “Haba Malam! Bawan Allah yana kwance a sama, kai kana nan kana lallashin kaki? Ƙarfe biyu fa yanzu.” Ya ce kakin bai gama kama jikinsa ba, shi kuma tun safe yake juya inji, hannunsa ya gaji, ba zai taɓa wannan da ragowar hannu ba. Na ce rowarsa ce ta tashi, na faɗi wasu maganganun da ba sai na maimaita ba. Ya bari na gama tas, sannan ya ce, “Ƙanwata, sauri ya haifi nawa.” Na ce a kai kasuwa.

Da safe na tarar ya riga ni. Ya sa sabuwar reza, ya tace ruwan ɗumin, ya jera gilasai goma sha biyu da lambobinsu. Ni da kaina na kashe fankar, na kuma rufe taga. Ya fi minti ashirin yana daidaita fuskar dunƙulen da bakin reza, ya matsa nan, ya sassauta can, ya runtse ido ɗaya, don kada ya yi asarar komai wajen fere fuska. Sannan ya yi bismillah ya juya. Fallen farko ya fito rabi kaki rabi nama, ya kwashe shi a wani gilashin daban ya tura aljihun tebur kamar yadda ya saba. Sai na biyu ya fito cikakke. Ya ɗauke shi da ɗan burushi, yatsun nan nasa manya-manya ko motsi ba sa yi, ya kwantar a kan ruwa. Huɗu sirara. Ya murɗa ma'aunin inji ya shiga masu kauri. Ina tsaye a bayansa ina ƙirgawa a zuci, na toshe hancina da gefen mayafi. A na shida na ga ɗigon ya fara ƙanƙancewa. Na bakwai ya fito. Na takwas ya fito, ƙarami amma yana nan. Ya ƙara juyi ɗaya don ya tabbatar, sai farin kaki.

Ya jingina da kujera, ta yi ƙara. Ya ce, “Yanzu a ba ni shayi.”

Saura aikina, kuma a nan ne na tafka abin kunyar da har yau in na tuna sai na ji zafi a fuskata. Ƙa'ida ita ce gilashi ya yi awa guda a tanda don naman ya kama shi sosai. Waya ta sake ƙara, likitan tiyata ne, yana tambaya ko barci muke yi a ƙasa. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce bari in fitar da guda ɗaya, na rinin farko wanda Likita za ta fara dubawa, in nuna musu ba barci muke ba. Minti goma sha biyar kacal ya yi. Na tsoma shi a kwano na farko lafiya, na biyu lafiya. A na uku ina kallo da idona naman ya saki gilashin, ya yi ɗan juyi a cikin ruwan, ya watse.

Innalillahi. Ni da na yini jiya ina zagin mutum a kan jinkiri, ga abin da saurina ya haifa. Sauran ukun kowanne da aikinsa, Likita ta riga ta rage har ƙashi. In an taɓa takwas ɗin can kuma gwajin tsoho ya shiga haɗari. Dunƙule kuwa babu komai a cikinsa. Wallahi na yi tunanin in yi shiru in ce haka gilashin ya zo mini. Amma shekarun da muka yi tare ba wasa ba ne. Na je na tsaya a gefensa da gilashin a hannu, na ce, “Malam, na wanke shi. Ban bar shi ya bushe ba.”

Ya kalli gilashin, ya kalle ni. Na shirya jin sauri ya haifi nawa karo na biyu, kuma da ya faɗa da na cancanta. Bai faɗa ba. Ya ajiye kofin shayinsa, ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko fallen farkon nan da kowa ke zubarwa. Ya ce, “Rabin fuska ce, amma akwai nama. Awa guda, Ƙanwata.” Na sa shi a tanda na jawo kujera na zauna a gabanta ina kallon agogo. Waya ta yi ta ƙara har ta gaji.

A kan rabin fuskar nan Likita ta karanta ciwon, sauran ukun suka tabbatar mata. Labarin ba mai daɗi ba ne, irin mai saurin nan ne, mafi muni a cikinsu. Na gaya mata abin da na yi da bakina, ta yi mini faɗan da ya dace, na shanye. Aka naɗe takwas ɗin aka aika.

Kwana goma sha shida muka yi muna jira. A cikinsu ne 'yar tsohon ta gano tagarmu. Ba a saba ba, mu ba ma ganin marasa lafiya ko danginsu, amma ita ta bi baranda tana tambaya har ta iso. Mace ce mai kamar shekara arba'in, malamar makaranta, kullum da alli a gefen hannun rigarta. Ta ce babanta kafinta ne. Ta ce ya rantse in dai kullum za a riƙa ɗauko shi ana kawo shi a kwantar a ƙarƙashin inji, to a bar shi ya mutu a shagonsa, ita kuma ta rasa yadda za ta yi da shi. Duk bayan kwana biyu sai ta leƙo ta ce, “Baba, ko an ji wani abu?” Malam Siriri ya taso ya zo tagar ya ce, “Tukuna, 'yata. Yaya mai jikin?” Bai taɓa ce mata komai game da ƙanƙantar naman ba. Amma ni na san yana jin tsoron kalmar nan ta bai isa ba, don a kwanakin nan ko faɗan fanka ya daina ja da ni, sai dai ya kashe kawai ya zauna.

Ranar Alhamis wajen sha ɗaya Likita ta shigo ɗakinmu da takarda, ko rigar aiki ba ta ɓalla ba. Ta ce, “Ya isa! Da ƙyar, sun rubuta da ƙyar, amma ya isa. Kuma shafin a manne yake. Magani za a ba shi, gida zai tafi.” Ni dai kuka na yi, ba na ɓoyewa, na kifa kai a kan teburin rini har shuɗi ya ɓata mini goshi. Likita ta tsaya a gaban Malam Siriri ta ce, “Malam, na gode da ka tsaya mini a ƙofa.” Ya ce, “Alhamdu lillahi.” Ya share hannu a rigarsa ya ɗauko dunƙule na gaba daga kan ƙanƙara.

Bayan wata huɗu, muna tsakiyar aiki, sai ga malamar nan a taga, a bayanta wani dogon tsoho da sanda. An kawo shi a duba shi a sama, ya ce ba zai koma gida ba sai ya ga inda aka kai gutsuren kansa. Doka ta hana baƙo shiga, amma Likita ta ce a sa masa riga a shigo da shi. Ya shigo a hankali yana ɗan jan ƙafar hagu. Bai kalli madubi ba, bai kalli kwalabena ba, kai tsaye wurin injin ya nufa. Ya sunkuya ya duba rezar ta gefe ya ce, “Wa ke wasa maka ita?” Malam Siriri ya ce, “Yanzu ba a wasawa, Baba, in ta dakushe jefarwa ake.” Tsoho ya girgiza kai ya ce duniya ta lalace. Ya ce a yanka ya gani. Aka ɗaura kaki marar komai, Malam Siriri ya juya, falle ya biyo falle suka haɗu kamar zare. Ba wanda ya ce wa tsohon ya riƙe numfashi, shi da kansa ya riƙe.

Sai ya ce, “To ina nawa?”

Malam Siriri ya je ma'ajiya ya ɗauko dunƙulen ya sa masa a tafin hannu. Tsoho ya juya shi, ya ɗaga shi sama, ya ce, “Ban ga komai ba.”

“Babu komai, Baba. Duk an yi aiki da shi.”

“Duka? Ba ɓarɓashi?”

Na buɗe baki zan yi magana, Malam Siriri ya riga ni. Ya ce, “Abin da ake buƙata duk ya je inda za shi.”

Tsoho ya ajiye dunƙulen, ya kamo hannun Malam Siriri na dama, ya juya shi ciki da baya yana dubawa. Ya ce, “Shekara hamsin da biyar ina fere katako, ban taɓa tashi daga aiki ƙasa ba ta cika da ɓarɓashi ba.” Sannan ya ce likitocin sama ba su ɓoye masa ba, maganin ba zai kashe abin ba, riƙe shi kawai yake yi, watanni ne, in Allah ya so shekara. Ya faɗe shi kamar mai faɗin farashin katako. 'Yarsa ta juya fuska wajen taga. Ya nuna ta da sanda ya ce, “Yarinyar nan ta gina ɗaki biyu, shekara uku labule ne a bakinsu, ni kuma ina ta cewa gobe. Jiya na rataya ƙofa ta biyu. Da hannuna, ba wanda ya riƙe mini.”

Malam Siriri ya ce, “Ta zauna daidai?”

Tsoho ya ce, “Je ka tura ta da ɗan yatsa ka gani.”

Ya ƙara wata goma bayan wannan zuwan. Malamar ce ta zo tagar ta gaya mana. Ta ce a gidanta ya cika, da rana, jikokinsa suna tsakar gida, a ɗaki na biyun.